Babi na Shida: Fatar da Ba Ta Riƙe Ruwa

Yawanci tsakanin wata 2 zuwa wata 6 abin yake farawa. Kumatun jariri su bushe su yi kaushi, wani lokaci su riƙa tsattsafo da ɗan ruwa sannan su yi ɓawo. Daga nan sai goshi, bayan kunne, ƙwauri da bayan hannu. Jaririn da bai iya susa da farce ba tukuna sai ya riƙa goga fuska a zanin goyo ko a kafaɗar duk wanda ya ɗauke shi, da dare kuma ba shi ba barci, ba uwarsa ba barci. Idan aka kwance masa famfas sai a tarar da wurin sumul, domin danshin da ke wajen ya kare shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai lura inda matsalar take.

Likitoci suna kiran wannan cuta egzima. Sai dai a yi hattara, domin a kemis da cikin unguwa abin da aka fi kira da wannan suna shi ne ƙyasbi, wanda naman gwari ke kawowa, kuma maganinsa daban ne. Egzimar jarirai ba ta yaɗuwa, ba a ɗaukarta a tawul ko a shimfiɗa, ba kuma ƙazanta ce ke kawo ta ba. Littattafan likitanci da aka rubuta a Turai suna cewa wurin yakan yi ja. A baƙar fata ba lallai a ga jan ba. Wurin yakan yi duhu fiye da sauran jiki, ko ya yi furu-furu, ko ya fito da ƙananan ƙuraje a gindin gashi. Shi ya sa sau da yawa ake raina tsananinta a jikin yaranmu, har a asibiti.

Akwai abubuwan da ke kama da ita. Idan ƙurajen sun kama tafin hannu da tafin ƙafar jariri, kuma akwai wasu a gidan da ke susa da dare, a fara tunanin ƙazuwa. Idan ɓawo ne mai maiƙo a tsakar ka da gira tun makonnin farko, jaririn kuma bai damu da shi ba, wannan amosanin jarirai ne, yakan wuce da kansa. Ƙurajen zafi kuwa da an samu iska sukan lafa. Ita egzima alamarta ƙaiƙayi, bushewa, da tafiya da dawowa.

Saman fatar mutum ginin tubali ne. Ƙwayoyin fata su ne tubalan, wani irin kitse kuma shi ne kwaɓin da ke tsakaninsu, yana hana ruwan jiki fita, yana hana abin waje shiga. A jikin mai egzima kwaɓin bai cika ba. Ruwa na tsiyayewa, fata ta bushe ta tsattsage, sabulu da ƙura da ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, garkuwar jiki ta taso musu, wurin ya yi ƙaiƙayi, yaro ya sosa, susar ta ƙara rushe ginin. A shekarar 2006 ne masu bincike a Jami'ar Dandi ta ƙasar Sukotilan, ƙarƙashin Irwin McLean, suka nuna cewa tawaya a ƙwayar gadon da ke sarrafa wani sinadarin fata mai suna filagirin tana daga manyan dalilan egzima. Kusan mutum 1 cikin 10 na Turawa yana ɗauke da irin wannan tawaya. Da aka bincika masu egzima a Habasha, kusan ba a sami tawayar ba sam. Ke nan a Afirka ginin yana samun rauni ta wasu hanyoyin, amma raunin dai shi ne. Gado kuma yana ciki: gidan da akwai mai asma ko mai yawan atishawa da ƙaiƙayin ido, nan aka fi ganinta.

Masu cewa cutar 'ya'yan Turawa ce su duba babban binciken nan na ISAAC da aka yi a ƙasashe sama da 50. A sakamakon da aka buga a 1999, cikin yara masu shekara 13 zuwa 14, Najeriya ce ta zo a sama da fiye da kashi 17 cikin 100, daga alƙaluman da aka tattara a Ibadan, yayin da Albaniya ba ta kai kashi 1 ba.

Da zarar kumatun jariri sun ɓaci, gida yakan koma kotu, wadda ake tuhuma kuma kusan kullum ita ce uwa.

"Ke 'yar nan, me kike ci ne? Wannan ai nononki ne bai karɓe shi ba."

"Wallahi Hajiya ba na cin komai sai abin da aka dafa a gida."

"To daga yau ki bar ƙwai da kifi. Gyaɗar nan ma ki bar ta."

Mako biyu a ƙara madara a jerin, sai yaji, sai kuɓewa. Mai shayarwa ta koma tuwo da miyar kuka, ta rame, jariri kuma yana nan yana susa. Ba na zargin kakanni da mugun nufi, tausayin jikan ne ya sa su. Amma binciken da aka tattara bai nuna cewa hana mai ciki ko mai shayarwa abinci yana kare jariri daga egzima ba. Mafi muni shi ne a ce a yaye shi da wuri a koma madarar gwangwani, alhali yawancinta daga nonon saniya ake yin ta, wanda shi kansa yana cikin abubuwan da suka fi tayar wa jarirai alaji.

Ba ana cewa abinci ba shi da hannu ko kaɗan ba ne. Cikin yaran da egzimarsu ta yi tsanani, kusan 1 cikin 3 yana da alajin wani abinci, galibi madarar shanu, ƙwai ko gyaɗa. Irin wannan alaji ba ya ɓuya: cikin 'yan mintoci zuwa awa 2 da cin abin, sai borin jini, kumburin leɓe ko ido, amai, wani lokaci numfashi ya sarƙe, wanda shi kam sai asibiti nan take. Akwai kuma jariran da madarar shanu ke sa wa gudawa, jini a kashi da rashin ƙiba tare da egzimar. Waɗannan likita ne zai tsara yadda za a janye abin na 'yan makonni sannan a dawo da shi a gani. Abin da bai dace ba shi ne a zauna a gida ana cire abinci ɗaya bayan ɗaya bisa zato, a yankin da tamowa ta riga ta yi wa yara katutu.

Abin da aka gano daga baya ma ya juya tsohuwar fahimta. Da ana ɗauka alajin abinci ne ke haifar da egzima. Yanzu hujjoji sun fi nuna cewa sau da yawa egzimar ce ke buɗe wa alajin ƙofa. Idan garkuwar jiki ta fara haɗuwa da gyaɗa ta tsagaggiyar fata, sai ta ɗauke ta maƙiyiya. Idan ta baki ta fara haɗuwa da ita, sai ta saba da ita. Gideon Lack na Landan ya ruwaito a 2003 cewa yawancin yaran da ya samu da alajin gyaɗa an taɓa shafa musu mai da ke da man gyaɗa a ciki suna jarirai. Daga baya shi da abokan aikinsa suka ɗauki jarirai 640 masu egzima mai tsanani ko alajin ƙwai, aka riƙa bai wa rabinsu abinci mai gyaɗa, rabi aka hana su. Da suka kai shekara 5, a sakamakon da ya fito a 2015, kusan kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka hana sun kamu da alajin, waɗanda suka ci kuwa kusan kashi 3 kacal. A ƙasar kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli wannan magana tana da amfani ta fuska biyu. Kada a shafa wa jariri man gyaɗa, wanda ya ci gyaɗa kuma ya wanke hannu kafin ya shafa masa mai. Idan ya cika wata 6 aka fara ba shi abinci, babu dalilin hana shi kunun gyaɗa mai laushi, sai dai in egzimarsa mai tsanani ce, a nan a fara jin ta bakin likita. Ƙwayar gyaɗa kam ba a bai wa ƙaramin yaro, saboda shaƙewa.

Yayin da ake can ana binciken tukunyar uwa, abin da ke hura wutar yana cikin bahon wanka. A tsaya a kalli yadda ake yi wa jariri wanka a gidajenmu da sanyin safiya. An dafa ruwa, an sirka kaɗan, tururi na tashi. An ɗiga ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta har ruwan ya yi fari. An ɗauko soso an goga masa sabulun salo ko sabulun magani, an murza yaro tun daga ka har tafin ƙafa, wurin ƙurajen kuma an ƙara dirzawa "don ya fita". An goge shi da tawul, an bulbula masa hoda, an turara kayansa, an sa masa rigar sanyi ta saƙa da hula da safa. Da yamma a maimaita. Duk ƙauna ce ta kawo wannan, kuma ga yaro mai lafiyayyar fata wataƙila ba za a ga komai ba. Ga mai egzima kuwa kowane mataki ɓarna ne. Ruwan zafi yana narkar da ɗan kitsen da ya rage. Fatar mutum tana da ɗan tsami, a ma'aunin masana wajen 5.5, sabulun gama-gari kuwa yana kaiwa 9 zuwa 10, sabulun salo ma da toka ake yin sa, don haka kasancewarsa na gargajiya bai sa ya zama mai taushi ga jariri ba. Soso yana kankare abin da ya saura, hoda ta ƙarasa busar da shi.

Gyaran ba shi da tsada. Wanka sau ɗaya a rana ya isa, da ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda gwiwar hannu ba ta jin zafinsa, minti 5 zuwa 10. A ajiye soso, tafin hannu ya wadatar. A bar sabulu, ko a taƙaita shi ga mazaunai da inda ya ɓaci, da irin wanda ba shi da ƙamshi. A tsane jiki da tawul a hankali, ba gogewa ba, sannan a shafa mai tun jikin da sauran danshi.

Sai hunturu. A Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram, danshin iska a watan Janairu da Fabrairu yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Babba ma leɓensa da dugadugansa tsagewa suke yi, balle jaririn da fatarsa ba ta riƙe ruwa. Uwar da ta san ɗanta na da egzima ta ƙara yawan mai tun iskar farko ta Nuwamba, kada ta jira sai kumatu sun fashe. Bazara kuma da nata: gumi yana da gishiri, yana yi wa tsagaggiyar fata raɗaɗi, musamman a wuya da bayan gwiwa da cikin yaron da ya daɗe a goye. Ko da sanyi ma, yawan naɗe jariri yana sa shi gumi. Abin da zai taɓa fatarsa ya zama auduga, rigar saƙa ta hau daga sama. Kayan gwanjo da sababbi duk a wanke kafin a sa masa, a kuma ɗauraye omo sosai.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne kayan uwa. Kumatun jariri a kafaɗarta suke kwana suke tashi. Leshi mai kaushi, ɗinki mai duwatsu, mayafin da ya sha humra da turaren wuta, duk a fuskarsa suke ƙarewa. A wurin biki kuma ya zaga hannu goma, kowace da nata turaren. Ƙaramin ƙyallen auduga a kafaɗa yana rage wannan. Lokacin fitar haƙori miyau yakan jiƙa haɓa da wuya, a riƙa shafa basilin a wurin kafin ya ci abinci da kafin barci. A yanke masa farce ƙasa-ƙasa. Hayaƙin taba da na itace a nisanta shi da su.

Mai shi ne ginshiƙin maganin, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne ƙarancinsa. Hukumar NICE ta Ingila tana ba da shawarar giram 250 zuwa 500 a mako ga yaro mai egzima. A lissafa: babbar robar basilin guda ke nan cikin mako ɗaya ko biyu, ba wadda za ta shekara a kan madubi ba. A shafa aƙalla sau 2 a rana, da hunturu har sau 4, a dukan jiki, ko a ranakun da fata ta yi kyau. A bi kwanciyar gashi, kada a murza. A ɗebo da cokali mai tsabta maimakon a riƙa tsoma yatsa a roba.

Wane mai? A 2022 an buga wani gwaji da aka yi a Ingila a kan yara 550, aka kwatanta nau'i huɗu na man shafawa, daga mai ruwa-ruwa har mai kauri, ba a ga wanda ya fi wani ba. Wanda yaro ya karɓa, aljihu kuma ya iya ɗauka, shi ne daidai. A ganina, a yanayinmu, basilin fari marar turare da man kaɗanya mai tsabta wanda ba a haɗa da komai ba sun fi yawancin mayukan jarirai masu ƙamshi da hoton jaririn Bature a jiki. Man zaitun kuwa, duk da darajarsa a wurinmu, wani ƙaramin gwaji da aka yi a Jami'ar Shafil a 2013 ya nuna yana raunana saman fata idan ana shafa shi kullum, don haka ba shi ne na mai egzima ba. A sani kuma, mai yana lallaɓa cutar ne, ba rigakafinta ba ne: an yi gwaji a kan jarirai 1,394, wasu ana shafa musu mai kullum tun daga haihuwa, wasu kuma ana ba su kulawar da aka saba, sakamakon 2020 ya nuna bai hana ta fitowa ba. Uwar da ɗanta ya kamu kada ta ce sakacinta ne.

Gargaɗi ɗaya game da mai. Yana shiga tufafi da zanin gado, wanki ba ya fitar da shi duka, kuma yadin da ya sha mai yana kama wuta da sauri. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta yi wannan jan kunne a 2018. A ɗakin da ake shigar da kaskon gawayi da hunturu, ake kunna maganin sauro ko kyandir kusa da katifa, maganar ta fi shafarmu fiye da mutanen Birtaniya.

Idan wurin ya riga ya tashi, yana ƙaiƙayi yana tsattsafo da ruwa, mai kaɗai ba zai kwantar da shi ba. Nan ne ake buƙatar man sitiroyid, kuma nan ne muke yin abu a juye. Marar ƙarfi da likita ya rubuta, irin Hydrocortisone 1%, wanda ake amfani da shi a fata tun 1952, shi iyaye ke tsoro, su shafa kwana biyu su daina. Mai ƙarfin da babu wanda ya rubuta kuwa ana matsa shi cikin man jariri ba ko ɗar.

Ga yadda abin ke faruwa. Uba ya tsaya a kemis ya ce yaro na da ƙuraje. A miƙo masa ɗan kwali na man da aka ce yana aiki uku a lokaci guda. A gida a matse shi duka cikin man kaɗanya, a juya, a riƙa shafe yaro da shi safe da yamma. Kwana uku ƙuraje sun ɓace. Wata biyu yaro ya yi haske, kumatu sun yi ɓul-ɓul, maƙwabta suna cewa tubarkalla. A duba jikin kwalin nan: idan an rubuta Clobetasol ko Betamethasone, sitiroyid ne mai ƙarfi, na farkon ma ya ninka Hydrocortisone ƙarfi sau ɗaruruwa. Fatar jariri siririya ce, kuma tana da faɗi idan aka gwada da nauyinsa, don haka maganin yana shiga jini, musamman a ƙarƙashin famfas. Wannan hasken da kumburin fuskar alamun illa ne. Fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, girma ya tsaya, ƙwayoyin cuta su samu sauƙin kama shi, jikinsa kuma ya rage sarrafa nasa sinadarin da ke taimaka masa jure rashin lafiya. Likitocin fata a Najeriya sun sha kokawa da wannan. Wanda ya daɗe yana shafa wa jariri irin wannan haɗi kada ya yanke shi rana ɗaya, ya ɗauki kwalin da yaron ya kai asibiti, domin janyewar ma da tsarinta.

Shi kuwa marar ƙarfin, a wurin da ya tashi kaɗai ake shafa shi, sau 1 ko 2 a rana, galibi kwana 7 zuwa 14 ko yadda likita ya ƙayyade, har wurin ya yi laushi ƙaiƙayi ya tsaya. Akwai awo mai sauƙi da likitoci biyu na Kadif, Long da Finlay, suka yi bayaninsa a 1991: a matso maganin daga kan yatsan manuniya na babba zuwa gaɓar farko. Wannan kusan rabin giram ne, yana rufe faɗin tafin hannun babba guda biyu. Ga jaririn da bai kai shekara ba, awo ɗaya ya ishi fuska da wuya gaba ɗaya. A bar kamar rabin awa tsakaninsa da man shafawa. Maganin mura mai sa barci da wasu ke ɗura wa jariri don ya bar susa ba ya taɓa egzimar, kuma yana da haɗari ga ƙananan yara.

Akwai ranar da ba a jira. Idan wurin ya yi ɓawo mai launin zuma, yana zubar da ruwa ko mugunya, yana yaɗuwa, ƙwayar cuta ta shiga, sai an haɗa da maganinta. Wanda ya fi wannan gaggawa shi ne idan ƙananan ramuka masu girma ɗaya suka fito a tare, yaro yana zazzaɓi, ya ƙi nono, wurin yana masa ciwo. Ƙwayar cutar da ke kawo ƙurajen bakin leɓe ce, wadda ga babba ba komai ba ce, amma a fatar mai egzima tana bazuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, tana iya taɓa ido, tana iya kisa. Akwai maganinta, amma a ranar ake son a fara. Duk mai ƙurji a leɓe, ko wane ne shi a gidan, kada ya sumbaci yaron. Haka nan idan an yi mako 2 ana bin ƙa'ida ba sauƙi, ko nauyin yaro ya tsaya, a koma asibiti. Egzima kuma ba dalilin fasa allurar rigakafi ba ce.

Yawancin yara suna samun sauƙi sosai yayin da suke girma, ko da yake fatar takan ci gaba da saurin bushewa, wasunsu kuma asma ko atishawa kan biyo baya. Daga shekara 2 ƙurajen sukan bar kumatu su koma lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Abin da ya fi tayar wa iyaye hankali bayan an samu lafiya shi ne tabo: inda egzimar ta zauna yakan bar fari-fari ko baƙi-baƙi, har wasu su ɗauka maganin likita ne ya ƙona yaron, wasu su fara tunanin wata muguwar cutar. Kumburin da aka yi ne ya dagula launin wurin, kuma launin yana dawowa da kansa, sai dai yakan ɗauki watanni. Ba ya buƙatar man bilicin ko wani haɗi. Abin da ke jinkirta shi kawai shi ne wurin ya sake tashi yaro ya sake sosawa.